ƘOFOFIN TSOHON MASALLACINMU: A GYARA KO A CANJA?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a ƙofar gidan Sarkin Hausawa)

 



GABATARWA

Kamar yadda kowa ya sani, maganar gyaran tsohon masallacinmu na nan Sabo ta kai inda za a yanke shawara. An tara abin da Allah ya hore, ɗan kwangila kuma ya kawo takardar ƙiyasinsa. To, a cikin takardar nan akwai layi guda wanda saboda shi aka ba mu dama mu yi magana yau. Layin ya ce a ciccire ƙofofin katako da tagogi da mumbari, a sa ƙofofin ƙarfe irin na waje da tagogin alminiyam masu gilashi, mumbari kuma a gina shi da bulo a manna masa tayil.

Mu dai 'yan kasuwa ne. Amma ɗan kasuwa ya san abu guda, watau ba ya zubar da kaya sai ya kwance ya duba. Huhun goro idan sankara ta shiga, ai ba a kai shi juji. A kan zazzage shi, a tsince wanda ya ɓaci, a sake masa ganye, a ɗaure. Abin da muke roƙo a yi wa katakon masallacin nan ke nan. Mun zaga wurin masu tsaga katako, mun zauna da tsofaffin kafintoci, kuma abin da muka samo shi ne: yawancin tsohon katako mai kyau yana gyaruwa, sai dai gyaransa sana'a ce ta daban, ba kowane mai riƙe da zarto da hama ya iya ta ba.

DARAJAR WANNAN SANA'A

Kafin mu shiga batun, bari mu tuna wa juna abin da muka karanta tun muna yara. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Annabi Zakariyya kuwa, ya zo a hadisi ingantacce cewa kafinta ne. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba, Manzon Allah yana da shekara 35, katakon da suka yi rufi da shi na wani jirgin ruwa ne da ya fashe a gaɓar teku wajen Jidda, watau tsohon katako suka sake amfani da shi a ɗaki mafi daraja a bayan ƙasa. Mumbarin farko a Musulunci kuma, mai matakala uku, wani kafinta ne bawan wata mata daga cikin mutanen Madina ya yi wa Annabi shi, da itacen wani daji da ke kusa da birnin.

Mun kawo wannan ne domin a cikinmu akwai masu ganin aikin kafinta aikin wanda ya rasa jari ne. Sana'ar da annabawa suka riƙe ba ta cancanci raini ba.

DARASI DAGA MUMBARIN ƘUDUS

Tunda mumbari na cikin abin da ake so a fitar, bari mu ba da labarin wani mumbari da duniyar Musulmi ta yi kukan rashinsa. A shekarar 1168, Sarki Nuruddin Zangi ya sa kafintocin birnin Halab na ƙasar Sham su yi masa mumbari domin Masallacin Al-Aƙsa, alhali a lokacin birnin Ƙudus yana hannun mayaƙan Salibiyya. Nuruddin ya rasu a 1174 bai ga an kafa shi ba. Sai da Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓi birnin a 1187, sannan ya aika aka ɗauko mumbarin aka kafa. Kafintocin da suka yi shi sun rubuta sunayensu a jikinsa. Ya zauna ana huɗuba a kansa kusan shekara 800.

Ran 21 ga Agusta, 1969, wani mutumin Ostareliya mai suna Denis Michael Rohan ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone, sai 'yan guntaye suka rage. Wannan gobara ce ta sa shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat a watan Satumba na shekarar, daga nan aka kafa ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC.

To, jama'a, ga inda darasin yake. Da aka tashi sake yin mumbarin, kuɗi ba su ne matsala ba, domin Sarki Husaini na Jodan ya ɗauki alkawarin aikin a 1993. Matsalar ita ce waɗanda suka san yadda aka haɗa shi sun ƙare. Mumbarin nan dubban ƙananan guntayen katako ne aka sassaƙa, kowane yana shiga cikin ɗan'uwansa yana riƙe shi, babu ƙusa babu gam. Sai da wani masani, Minwer Al-Meheid, ya zauna da tsofaffin hotuna da guntayen da wuta ta bari, ya warware lissafin zanen. Sannan aka nemo gwanaye daga Turkiyya da Masar har da Indunisiya, aka tara su a wata jami'a a garin Salt na Jodan, suka shafe shekaru suna aiki. Guntaye sama da 16,000 suka haɗa. Ba a kafa sabon mumbarin ba sai a farkon 2007, kusan shekara 38 bayan gobarar.

Abu biyu za mu ɗauka a nan. Na farko, abin da wuta ta ci cikin sa'o'i, ko ɗan kwangila ya ɓamɓare da safe guda, dawo da shi sai an sha wahalar shekaru, ko da sarakuna ne ke biya. Na biyu, abin da ya cece su hotuna ne da guntaye. Da ba a ɗauki hoton mumbarin ba, da an share guntayen an zubar, da shi ke nan. Namu mumbarin bai kama ƙafar wancan ba wajen ado, mun sani. Amma a kansa limaman da suka sallaci kakanninmu suka tsaya, kuma ba mu da wani irinsa.

MU DUBA KUSA DA GIDA

Kada wani ya ce wannan labarin Larabawa ne. A nan Ikko, inda yawancinmu ke zuwa sari da kai kaya, akwai misalin ɓarna, akwai na gyara.

A ƙarni na 19 bayin da aka kai Birazil suka riƙa dawowa Ikko, waɗanda Yarabawa ke kira Aguda. Da yawansu Musulmi ne, kuma a cikin Musulmin da aka bautar a Bahiya har da Hausawa. Sun dawo da sana'ar gini da ta kafinta, su ne suka kawo irin ƙofofin nan masu alluna da tagogi masu fuka-fukin katako da muke gani a tsofaffin gidajen ƙasar Yarabawa. Masallacin Shitta-Bey da ke tsibirin Ikko, wanda attajiri Muhammadu Shitta ya gina aka buɗe a 1894, wani Aguda ne mai suna Joao Baptista da Costa ya jagoranci aikinsa, Sanusi Aka yana taimaka masa. Yana nan tsaye har yau, ana salla a ciki. Daga hannun irin waɗannan mutane sana'ar ta bazu, yaro ya koya wurin maigidansa, har ta iso ga kafintocin da suka yi wa unguwanninmu aiki. Sabo ta Ibadan, alal misali, an kafa ta tun 1916, kun ga ke nan gine-ginen Hausawan kudu ma sun fara haura shekara 100.

Misalin ɓarna shi ne gidan Ilojo Bar da ke dandalin Tinubu. An gina shi wajen 1855, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma ran 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Salla, aka wayi gari katafila ta rushe shi. An yi ta surutu a jaridu, gidan dai bai dawo ba.

Misalin gyara kuwa shi ne gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta, ginin 1898 mai barandar katako. Ya lalace har ana ganin ba shi da amfani, sai ƙungiyar Legacy, tare da Farfesa John Godwin, suka gyara shi a 2010, ya zama ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa. Duk wanda harka ta kai shi Ikko ya leƙa, gani ya kori ji.

SANIN ITACE

Yanzu mu zo kan katakon kansa. Mu da muka fito daga arewa mun san cewa itace ba ɗaya ba ne. Magabatanmu ba sa rufin soro da kowane itace sai azara, wadda ake tsagawa daga giginya, saboda gara ba ta cika iya mata ba. Turmi da taɓarya a nemi ƙirya, allo a nemi aduwa. To, haka abin yake a nan kurmi.

Ƙofofin masallacinmu na loko ne, wanda ake kira iroko a nan. Itace ne mai nauyi, mai jure ruwa da gara, har a cikinsa akan ci karo da wani abu kamar dutse da ke dakusar da zarto. Da shi shahararren masassaƙin nan Olowe na Ise ya yi ƙyauren fadar Ikere, wanda aka kai baje koli London a 1924, Turawa suka riƙe shi a gidan tarihinsu har yau. Sa'o'insa wajen ƙarko su ne apa, watau kawonmu na arewa, da opepe. Sai oganwo, dangin maɗaci, mai daɗin aiki da kyan launi. A ɗaya gefen kuma akwai arere da afara da malaina, farare marasa nauyi, masu araha. Suna da amfaninsu a wurin kwalin siminti da kayan ɗaki na ɗan lokaci, amma a bakin ƙofa inda ruwa ke bugu ba sa kai ko'ina.

Ko a cikin loko ɗin ma akwai bambanci. Gungume yana da ciki mai duhu, yana da farin gefe kusa da ɓawo. Cikin shi ne mai ƙarko, farin gefen kuwa abincin ƙwari ne. Loko na dā daga manyan bishiyoyi aka yanko shi, waɗanda suka yi shekaru aru-aru a kurmi, kusan dukansa ciki ne. Na yanzu sau da yawa ƙananan bishiyoyi ne, rabi fari, wani ma a shafa masa kala a sayar wa wanda bai sani ba. Itace mai kyau ƙarewa yake yi. Mun ga yadda aka kwashe maɗobiya daga Taraba da maƙwabtanta ana lodi zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Saboda haka katakon da ke jikin ƙofofin nan, in an fitar da shi, kuɗinmu ba za su sayo irinsa a Bodija ko wata kasuwar katako ba.

Abu na gaba shi ne bushewa. Ɗanyen katako cike yake da ruwa, wani ma kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In aka yi aiki da shi haka, yana bushewa yana tanƙwarewa yana tsagewa. Shi ya sa gwani ke jera katako a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi watanni. Kuma ko bayan ya bushe, katako bai daina motsi ba: da damina ya sha raɓa ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Kafintocin dā sun san haka. Ku duba ƙofofin nan da kyau in kun fito salla. Allunan tsakiya ba a buga masu ƙusa ba, an zura su ne cikin kwarmin da aka yi a jikin firam, suna da ɗan wurin motsi. Kusurwoyin kuma an huda rami a jikin wannan, an fere harshe a bakin wancan, an zura, an soke da turken itace. Wannan ce ta sa suka kai yau ba su tsage ba. Ƙofar da aka haɗa da ƙusa da gam kawai, damina biyu uku sai ta fara buɗe baki.

YADDA GWANI KE GYARA

Ga yadda tsofaffin kafintoci suka bayyana mana aikin, daki-daki.

Da farko ba a taɓa kome sai an duba an rubuta. A ɗauki hoton kowace ƙofa da taga, ciki da waje, a auna, a sa wa kowace lamba. Sannan gwani ya bi da basilla yana tsira katakon. Inda ta nutse ya ruɓe, inda ta tsaya lafiya lau yake. A yawancin tsofaffin ƙofofi za a tarar ɓarnar tana ƙasa ne, taƙi ɗaya ko biyu daga daɓe, sauran jikin kuwa garau.

Na biyu, a nemo inda ruwa ke fitowa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Busasshen katako ba ya ruɓewa. A wurinmu kowa ya ga inda matsalar take: kwanon da ke yoyo ta gabas, ruwan alwala da ke gangarowa bakin ƙofa, da daɓen waje da ya fi dokin ƙofa tudu. In ba a gyara waɗannan ba, ko ƙofar ƙarfe aka sa tsatsa za ta cinye ta daga ƙasa, kamar yadda muke gani a shagunanmu.

Na uku, a yanke wurin da ya ruɓe kaɗai. Ana yankan ne a karkace, kamar firar alƙalami, a samo busasshen loko a fere shi daidai, jijiyarsa ta bi ta tsohon, a haɗa. In gwani ya gama, sai an matso kusa za a ga wurin haɗin. Abin da ba a yi shi ne cusa siminti ko filar masu gyaran mota a cikin ramin. Waɗannan ba sa motsi tare da katako, suna riƙe ruwa a bayansu, ruɓar ta ci gaba a ɓoye. Haka nan ƙusar baƙin ƙarfe tana tsatsa ta kumbura ta tsaga katako, don haka a irin wannan aiki turken itace ake sa wa, ko sukurun tagulla.

Na huɗu, fenti. Ƙofofin nan sun sha fenti bisa fenti har adon da aka sassaƙa ya nutse. A kankare shi da hannu, sannu a hankali. Ban da ƙona shi da wuta, ban da injin gurza, domin inji yana cinye adon tare da fentin. Kuma tsohon fenti sau da yawa akwai gubar dalma a ciki, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, saboda haka mai aikin ya rufe hancinsa, a jiƙa wurin, a kuma hana almajirai da yara wasa da ƙurar. Bayan an kankare, a shafa man linsid ya sha. Tsumman da aka shafa man da su kada a tara su a lungu, suna iya kamawa da wuta da kansu. A shanya su a fili ko a tsoma a ruwa.

Na biyar, gara. Shafa wa ƙofa baƙin mai ba ya korar ta, sai dai ya ɓata wa masallata riguna. Gara daga ƙasa take zuwa. A bi hanyarta har gidanta, a tone, a zuba magani a ƙasar, a ɗaga gindin firam kada ya taɓa ƙasa, sannan a shafa wa katakon maganin ƙwari irin su Solignum da ake sayarwa a kasuwa.

Akwai wuri guda da ba a sassauci, shi ne katakon da ke ɗauke da rufi. A nan rai ake magana. Ba mu manta da abin da ya faru a Masallacin Juma'a na Zariya ba, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, ginin da masana daga ƙasashe ke zuwa kallo. Ran Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana sallar La'asar wani sashensa ya rufto, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana guda kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Don haka masu cewa a adana tsohon abu ba cewa suke a zuba masa ido ba. A hau silin ɗin nan da fitila, da kafinta da injiniya, duk sandar da ta ruɓe a fitar da ita ba tare da jinkiri ba, kuma a fara da wannan kafin ƙofofi.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

'Yan'uwanmu masu son ƙarfe da alminiyam suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce ɓarayi sun sha ɗauke na'urar lasifika da batura. Sun ce aikin ƙarfe sati biyu an gama, na katako kuwa sai an yi watanni. Duka gaskiya ne.

Game da tsaro, ana iya sa ƙofar sandunan ƙarfe ta ciki a bar ta katako a waje, a kuma yi wa na'urori akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Game da lokaci, ba sai an rufe masallaci ba, ana cire ƙofa ɗaya a gyara a mayar, sannan a ɗauki ta gaba.

Game da kuɗi kuwa, mu yi lissafi irin namu. Yawancin ƙofofin wajen nan fallen ƙarfe ne siriri aka naɗe a kan kwali ko tarkacen katako. In tsatsa ta ci gindinta ko makullinta ya lalace, ba ta gyaruwa, sai dai a sayi wata. Wadda muke da ita ta ga kakanninmu, ta ga iyayenmu, kuma in an gyara za ta ga jikokinmu. A raba kuɗin kowace da shekarun da za ta yi, sannan a gaya mana wadda ta fi tsada. Araha dai ba ta ado. Tagar alminiyam mai turawa kuma rabinta kaɗai ke buɗuwa, in ana ruwa dole a rufe ta ruf. Mai fuka-fukin katako tana shigo da iska ko ana ruwa. Ku tuna yadda sahu ke cika a tarawihi, ga zafi, ga wutar lantarki ba tabbas, ga tsadar man janareto.

Sannan akwai abin da ya fi kuɗi. Kayan nan waƙafi ne, wasu bayin Allah ne suka yi su sadaka mai gudana. Muna roƙon malamanmu su yi mana bayanin hukuncin fitar da kayan waƙafin da bai mutu ba, da hukuncin sayar da shi, kafin a kaɗa ƙuri'a. Mun san akwai dillalan kayan tarihi da ke zagaya tsofaffin unguwanni suna sayen irin waɗannan ƙofofi a kan kuɗin itacen girki.

WA ZAI GAJE SU?

Kafintocin da suka iya wannan aiki a garin nan ba su da yawa, kuma duk sun manyanta. Yawancinsu Yarabawa ne maƙwabtanmu, waɗanda iyayensu suka yi wa iyayenmu aiki. Yaransu sun koma aikin kujerun kushin da allon garin katako. In suka tafi da abin da ke kansu, za mu zama kamar mutanen Ƙudus bayan gobara, ga kuɗi babu gwani.

Ga kuma matasanmu a bakin titi, daga acaɓa sai dako. Acaɓar ma an hana ta a wasu ƙananan hukumomin Ikko tun watan Yunin 2022. Me zai hana a sa sharaɗi a cikin yarjejeniyar aikin nan, cewa duk wanda aka ba shi zai ɗauki yaranmu su tsaya tare da shi daga farko har ƙarshe? Ƙungiya ta ɗauki nauyin abincinsu da kayan aiki, wanda ya nuna hazaƙa a biya masa ya ƙarasa koyo har a yaye shi. Attajirai masu gina manyan gidaje da otal-otal suna neman mai yi masu ƙofa da matakala na musamman, suna biya da tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

SHAWARWARI

A taƙaice, ga abin da muke gabatar wa wannan taro:

1. A dakatar da layin cire ƙofofi da tagogi da mumbari daga takardar ɗan kwangila, sauran aikin ya ci gaba.

2. A fara da duba katakon rufi, da toshe yoyo, da karkatar da ruwan alwala.

3. A ɗauki hoton kome a auna, a ajiye kwafi wurin Liman da wurin sakataren ƙungiya.

4. Kwamiti ya je ya ga aikin da kafinta ya yi shekara goma da suka wuce kafin a ba shi namu. A fara gwada shi da ƙofa guda, wadda ta fi lalacewa.

5. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a biya kashi-kashi, kuma a yi aikin a harabar masallaci inda idon kowa yake. Katakon da za a saya, a je da wanda ya san loko.

6. A sa yaranmu a cikin aikin.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe, iyayenmu, waɗanda suka zo garin nan da ƙafa da jirgin ƙasa ba su bar mana littafin tarihi ba. Abin da suka bari shi ne unguwar nan, da maƙabarta, da masallacin nan. Sun sayi katako mafi kyau a zamaninsu alhali suna kwana a ɗakin haya, don su nuna cewa sun zo zama ne da mutunci. In ƙofar gwajin nan ta ƙi gyaruwa, kowa zai gani da idonsa, sai a sake shawara, ba a yi asarar kome ba sai 'yan makonni. In kuwa aka fitar da su yau, babu sauran shawara. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa duk wanda ya sa ko kwabo a wannan aiki, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.